Katin Yaya, Ƙirjin Ƙanwa

Ƙarfe bakwai saura kwata yake isowa. Mai gadin asibitin ya ce da safe ba ya duba agogo, da ya ga tsohon ya jingine kekensa a gindin tankin ruwa ya san lokaci. Daga nan sai ya buɗe ɗakin kati, ɗakin nan mai taga biyu da kantocin ƙarfe har rufi, da tsanin katako wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya. Akwai fanka amma ba ya kunna ta, wai tana watsa masa takardu. Zai goge teburi, ya fere fensir, ya ɗauki kwando ya nufi ɗakin kwanciyar yara ya kwaso fayil-fayil ɗin waɗanda aka sallama jiya.

Aikinsa a ƙa'ida shi ne ya duba lamba, ya mayar da kowane fayil mazauninsa. Shi kuwa sai ya zauna ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Abu biyu yake nema: ciwon ƙirji ne ya kwantar da yaron, kuma an sa masa iskar oksijin? In haka ne, sai ya zaro koren zare daga aljihun rigarsa ya ɗaura wa fayil ɗin, ya ajiye shi a kanta ta uku daga ƙasa, daidai inda hannunsa ke kaiwa daga kan kujera. Sunan da ya raɗa wa wannan kantar shi ne kantar 'yan dawowa. Babu wanda ya sa shi, babu takardar da ta ce a yi haka. Shekara talatin da ɗaya yana wannan ɗakin, kuma ƙarshen watan nan ya ajiye aiki. Kowa Baba Mai Kati yake ce masa.

Ni mai gyaran firji ne, rubutu ba sana'ata ba ce. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ina da 'ya mai shekara bakwai wadda numfashi ke yi wa gardama, kuma sama da shekara shida labarin ƙirjinta yana kwance a fayil ɗin da ba nata ba. Ni na sa shi a can, wannan tsohon ya ciro shi. Har yau ban gama fahimtar ciwon 'yata ba, kada mai karatu ya zaci bayani zai samu a wurina. Abin da na gani kawai zan faɗa.

'Ya'yana biyu ne, duk mata, tsiransu wata goma sha biyar. Ƙaramar muna ce mata Auta, babbar kuma tun da aka haifi ƙanwarta ta zama Yaya a bakin kowa. Auta tana da wata biyar mura ta kama ta. Kwana biyu muna cewa mura ce, rana ta uku da hantsi uwarta ta ɗaga mata riga ta nuna mini yadda fatar tsakanin haƙarƙarinta ke lotsawa ciki duk jan numfashi. Ta ƙi nono, leɓenta ya canza launi. Muka ruga asibiti. Ba su ɓata lokaci ba, wata nas ta karɓe ta ta shige da ita tare da uwar, ta waiwayo ta ce da ni in je in kawo fayil.

Auta ba ta da kati a wannan asibitin, a ƙaramin asibitin unguwarmu aka haife ta. Na isa ɗakin kati na tarar layin masu yankan sabon kati ya fita har baranda ya karya kwana. Tagar masu tsohon kati kuwa mutum uku ne. Na laluba walat ɗina, ga katin Yaya. Na ce a raina ai duk jinina ne, sunan uba ɗaya, in an sallame mu sai a gyara. Na miƙa katin, tsohon da ke tagar ya hau tsani ya sauko da fayil ya ba ni. A lokacin har ji na yi na yi dabara.

Kwananmu tara a ɗakin yara, biyar daga ciki tana da robar oksijin a hanci. Suka ce wata ƙwayar cuta ce da ke kama ƙananan hanyoyin iska na huhun jarirai, maganin kashe ta kai tsaye ba su da shi, sai dai a tallafa wa yarinya har jikinta ya ci ƙarfin abin. A ɗakin da lambar gado ake kiran mutum, mu ne gado na huɗu, don haka sunan da ke bangon fayil bai dami kowa ba. Uwar yaran ta lura, ta yi mini magana a hankali.

"Baban yara, sunan Yaya ne fa a jiki."

"Na sani. Bari mu fita tukuna."

Muka fita da yarinya tana dariya, murna ta mantar da mu komai. Ranar sallama na biyo ta tagar ɗakin kati, tsohon nan ya leƙo ya ce, "Malam, an sallame ku, Allah ya ƙara sauƙi. Amma in ka ga tari ya daɗe mata, ko ƙirji yana ƙara, ka dawo, kuma ka gaya wa likita an taɓa kwantar da ita." Na ce to, na gode. Ta kunnen dama ta shiga ta fita ta hagu. Ni a wurina sallama tana nufin magana ta ƙare. Da Auta ta shekara biyu na yanka mata nata katin, sabo fil, babu ko layi ɗaya na abin da ya faru.

Tana shekara uku tarin ya fara zama ɗan gida. Kowa zai yi mura ya warke cikin sati, ita tata sai ta sauka ƙirji ta yi wata. In ta yi gudu sai ta tsaya ta dafa gwiwa, in ka kara kunne a bayanta ka ji wani siririn fito yana fita. Nan fa kowa ya zama likita. Surukata, wadda ba ta yi mini magana kai tsaye sai dai ta aiko da hukunci ta bakin 'yarta, ta ce sanyi ne, kuma ina za a rasa sanyi a gidan da firji uku na mutane ke jibge a tsakar gida? Na yi bayani cewa firjin da ya lalace ba ya sanyi, shi ya sa ma aka kawo mini shi. Ba a karɓi bayanin ba. Na kwashe su na kai shago. Tari bai san an yi ba.

Maƙwabciyarmu ta ce ƙurar kafet ce, muka naɗe kafet. Abokin aikina ya ce kyanwa ce, muka ba da kyanwar, Yaya ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba. Aka hana Auta ruwan sanyi, aka hana ta wanka da safe, aka lulluɓe ta da rigar sanyi ana tsakiyar zafi har ƙuraje suka feso mata. Wani watan sai ta yi garau mu ce mun gano bakin zaren, wata na gaba abin ya dawo. Asibiti kuwa mun je ba adadi. Kowane zuwa likita daban, layi a bayanmu, fayil siriri a gabansa. Ya sa abin aunawa a ƙirji, ya rubuta maganin tari, wani lokaci da na kashe ƙwayoyin cuta, mu tafi. Ban taɓa kawo zancen kwanciyar jarirantaka ba. Wallahi ban ga abin da ya haɗa su ba, wancan ai ya wuce.

Abin da ya fi yi mini ciwo yanzu shi ne na fara zargin yarinyar. Gidanmu a bene na biyu yake. Yaya za ta haye a guje, Auta ta tsaya a tsakiyar matattakala tana haki ta ce in ɗauke ta. Ranar da na gaji sai in ce son jiki ne, an shagwaɓa ta. Har tsawa na taɓa daka mata a kan haka, ta hau tana kuka tana tari, ni kuma ina bayanta ina faɗa.

Duk wannan lokacin akwai wani mutum da shi ma kansa ya ɗaure, ni ban sani ba. Duk zuwan da zan yi tagar kati, Baba zai karɓi katin Auta ya dubi sunan uba, ya ce, "Mai Firji, ya babbar? Ya ƙirjin nata?" In ce lafiya lau. Ya ce madalla. Na ɗauka gaisuwa ce irin ta tsofaffi. Ashe fayil ɗin Yaya yana kantar 'yan dawowa da koren zarensa, shekara huɗu bai motsa ba. Wannan bai dame shi ba, don ya ce da yawa daga cikin yaran kantar ba sa dawowa, kuma babu abin da ke faranta masa rai kamar ranar da zai kwance zare ya mayar da fayil sama. Abin da ya dame shi shi ne ƙanwar. Yarinyar da takarda ta ce ba a taɓa kwantar da ita ba, ita ce ke zarya kamar 'yan kantarsa, da irin tarinsu, a irin lokacinsu. Sai wata rana ya sauko da fayil ɗin Yaya ya karanta da kyau. A bango an rubuta ranar haihuwar yarinya mai shekara biyu saura. A takardar ciki, da hannun nas, an rubuta wata biyar, kilo shida.

Zuwana na gaba, Auta tana da shekara biyar, bai miƙo mini fayil ta taga ba. Ya ce in zagayo ta ƙofa. Ya ba ni kujerarsa shi ya zauna a kan matakin tsani.

"Ɗana, tambaya zan yi maka, ba faɗa ba ne. Wacce aka kwantar a cikin 'ya'yan nan naka?"

Abin da ya zo mini shi ne laifi na yi, za a kai ni ofis, a ci mini mutunci, wataƙila ma a hana 'ya'yana ganin likita. Na ce, "Babbar ce, Baba."

"Babbar ce aka kwantar tana da wata biyar?"

"Ai... kuskuren nas ne wajen rubutu."

Bai ƙaryata ni ba. Cewa ya yi, "To. Ka yi tunani dai. Ni ba likita ba ne, ban san me ke cikin ƙirji ba. Amma likita da abin da aka ajiye a gabansa yake aiki." Na fita, na ƙi gaya wa uwar yaran. Daga ranar na riƙa aika ta ita ta karɓo fayil, ni in tsaya can bakin baranda. Shekara guda cur na yi ina gudun tagar mutumin da ke ƙoƙarin taimakon 'yata.

Kai ne, Baba, ka riƙe sirrina shekara guda ba ka tona ni ba, kuma ba ka manta ba. Kai ne ka mayar da fayil ɗin Auta kusa da na Yaya, ka ɗaure su da zare ɗaya kana jira. Daga baya na tambaye ka me ya sa ba ka kai maganar gaba tun ranar ba, ka ce kai ma abin ya tsaya maka a rai, ka rasa wanne ne daidai, ka fallasa uba ko ka jira ya dawo hayyacinsa. Ka ce wataƙila jiran ma kuskure ne. Ban taɓa jin wanda ya yi alheri yana tuhumar kansa haka ba.

Ba ni kaɗai ba ne na ga aikinsa. Babbar nas ta ɗakin yara, wadda kowa ke kira Sista, ta ba ni labarin yadda kantar ta samo asali. Ta ce ta taɓa tambayarsa wane littafi ya karanta, ya yi dariya ya ce, "Sista, ba ilimi ba ne, gwiwa ce." Wai a shekarunsa na farko ya lura fayil iri ɗaya yake hawa tsani yana saukowa da su, ya mayar yau, bayan wata biyu ya sake hawa. Don ya hutar da gwiwarsa ya tara su a ƙasa. Da suka taru ne ya duba ya ga abin da ya haɗa yawancinsu, duk an taɓa kwantar da su da ƙirji suna ƙanana. Sista ta ce a wasu watanni yakan leƙo ɗakinsu ya ce, "Kantata ta fara motsi, ku duba tukwanen oksijin ɗinku." Da farko dariya suke yi masa. Ta ce yanzu in ya faɗa, ita ba ta tsayawa musu, ɗakin ajiya take nufa.

An taɓa ba shi takardar gargaɗi a kan maganar nan da yake yi wa iyaye ranar sallama. Wani babba ya ce mai kati ba shi da hurumin ba da shawarar lafiya. Baba ya karɓa, ya sa hannu, ya ba da haƙuri. Washegari ya ci gaba, sai dai ya ƙara jimla ɗaya a gaba: "Ni ba likita ba ne, amma." Sista ta ce akwai matar da ta zo da ɗanta daga wani asibitin, katin ya ɓace, ba ta tuna lamba ba, ba ta tuna shekarar ba. Baba ya dubi fuskarta ya ce, "Ba ke ce kika kwana goma sha ɗaya a gadon bakin taga ba?" Ya miƙa hannu kanta ta uku ya zaro fayil ɗin. Matar ta tsaya baki buɗe.

Ranar da asirina ya tonu Laraba ce, wajen sha ɗaya na safe. Ina kwance ƙarƙashin firjin wani mai shago aka kira ni daga makarantar su Auta. An fitar da su wasan guje-guje, ta yi zagaye ɗaya ta durƙushe. Da na isa asibiti malamarsu ta riga ta kai ta. Na same ta zaune a kan gado ta tokare hannuwa a gwiwa, kafaɗunta na hawa da sauka, ko "Baba" ta kasa haɗawa. An rufe mata hanci da baki da abin turara magani. Likitar da ke kanta, wata matashiya mai tabarau, ta tambaye ni ba tare da ta ɗago ba.

"An taɓa kwantar da ita da ciwon ƙirji?"

Karo na farko ke nan da wani likita ya yi mini wannan tambayar. Na buɗe baki, ban san me zai fito ba. Sai na ji motsi a bayana. Baba ne, da fayil biyu ɗaure da koren zare. Sista ta ce tun da take ba ta taɓa ganin ya bar tagarsa ana tsakiyar layi ba sai ranar. Bai miƙa wa likita ba. Ni ya miƙa wa.

Na karɓa, na ce, "Likita, an taɓa. Tana wata biyar, kwana tara. Yana cikin wannan, na yayarta. Ni na kawo ta da katin da ba nata ba."

Na jira faɗa, faɗa bai zo ba. Likitar ta kwance zaren ta karanta tsohon, ta koma siririn ta riƙa juya shafukan tari ɗaya bayan ɗaya. Ta cire tabarau ta murje ido, ta ce, "Shekara uku ana ba ta maganin tari." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Auta ta kwana biyu aka sallame ta, aka sa mu a asibitin ƙirji na ranar Alhamis. Wannan likitar ce ke gudanar da shi, kuma ta gaya mini da bakinta cewa lokacin da za ta fara, daga kantar Baba ta samo sunayen yaran da ta fara kira. Aka ba Auta maganin shaƙa iri biyu, ɗaya na kullum, ɗaya na lokacin da numfashi ya sarƙe, da wata roba mai kama da kwalba da ake shaƙa ta cikinta. Cikin wata biyu ta hau benenmu ba ta tsaya ba. Na tsaya a ƙasa ina kallonta, na rasa murna zan yi ko kuka.

Na zaci daga nan kaina zai waye, sai ma ya ƙara ɗaurewa. Na tambayi likita, "Wancan ciwon na jarirantaka ne ya lalata mata huhu?" Ta ce yaran da irin wannan ciwon ya kwantar sun fi sauran yara yawan yin wannan fiton ƙirjin daga baya, wasu har ya zama asma. Amma ko ciwon ne ya jawo, ko kuwa da ma hanyoyin iskarta masu rauni ne shi ya sa ciwon ya kayar da ita tun farko, ta ce su ma likitoci ba su gama rabewa ba. Na ce to za ta rabu da shi? Ta ce wasu yana barinsu in sun girma, wasu yana binsu. Na ce da ban yi wancan wautar ta kati ba fa? Ta ce ciwon da ya zo ko da katin waye, sai dai wataƙila da an gane da wuri. Wannan "wataƙila" ita nake ta juyawa har yau. Na kai wa Baba maganar ko zai warware mini, ya ce, "Ɗana, ni ma ban sani ba. Ni dai na san suna dawowa, shi ya sa nake ajiye su kusa."

Da na ba shi haƙurin ƙaryar da na yi masa, sai ya juya maganar. Ya ce ranar da na miƙa katin Yaya shi ne a tagar, kuma bai tambaye ni ina yarinyar take ba, shekararta nawa. Ya ce da ya tambaya da duk wannan bai faru ba. Tun daga lokacin da ya gano haka, duk wanda ya miƙa kati sai Baba ya tambaye shi shekarun mai katin, masu gaggawa su yi ta tsaki.

Bana asibitin ya koma kwamfuta. Aka kawo matasa suna ɗaukar hoton kowace takarda suna shigarwa, fayil-fayil kuma za a kai su ɗakin ajiya. Baba bai yi adawa ba, ya ce gwiwar wanda zai gaje shi ta huta. Abu ɗaya ya hana shi sukuni: in aka shigar da fayil ɗin Yaya yadda yake, kuskurena ya zauna ke nan har abada, Yaya mai ƙirji lafiyayye ta zama wadda aka kwantar, Auta kuma ta rasa kwana taran da suka fi kowanne muhimmanci a tarihinta. Shi kuma ba shi da ikon cire takarda daga fayil ya sa a wani. Ya sa na rubuta wasiƙa na amsa laifina, Sista ta sa hannu, likita ta sa hannu. Wata huɗu yana bin wasiƙar nan ofis-ofis, duk lokacin da matasan suka zo kan fayil ɗin sai ya ce su tsallake tukuna. Izinin ya fito ana saura kwana biyu ya bar aiki.

Ya kira ni ya ce in zo da yarinyar. Ranarsa ta ƙarshe muka je da yamma bayan an tashi makaranta. Kantocin sun zama wayam, ɗakin har amsa-kuwwa yake yi. Ya zaunar da Auta a kujerarsa, ya zare takardu goma sha huɗu daga fayil ɗin Yaya, ya ja layi ɗaya a kan sunan da ke saman kowacce, ya rubuta nata da hannunsa, ya buga hatimi. Auta ta iya karatu yanzu. Ta bi layin da yatsa, ta ga wata biyar, ta ga kilo shida.

"Baba Mai Kati, ni ce wannan?"

"Ke ce, jikata. Tun farko ma ke ce."

Ta juyo wurina. "To Baba, me ya sa aka sa sunan Yaya?"

Na duba ko tsohon zai cece ni, ya sunkuyar da kai yana gyara takardu. Na ce, "Ni na sa. Layin yankan kati ne ya yi tsawo, na ƙi bi."

Ta ce, "Da ka bi layin, ai da na jira ka."



Baba Mai Kati, mai ido a bayan taga, na gode. Na gode da tambayar da ka yi mini na yi maka ƙarya, na gode da ka miƙo mini fayil ɗin a hannuna don in faɗi gaskiya da bakina. Ba a yi maka taro ba, ba a ba ka lambar yabo ba, ka ɗauki kekenka ka tafi kamar kowace rana. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa ka huta cikin jikokinka. Ku kuma da kuke zaune bayan taga ko bayan kwamfuta, a asibiti ko a ko'ina, ku riƙa ɗaga kai kuna kallon wanda ke gabanku, ku lura da wanda ke yawan dawowa, ku tambaya ko ba a sa ku ba. Iyaye 'yan'uwana, in an taɓa kwantar da ɗanku da ciwon ƙirji, ku gaya wa kowane likita ko bai tambaya ba. In yaro ya tsaya a matattakala ya ce ya gaji, ku kara kunne a bayansa kafin ku daka masa tsawa. Wanda kuma ya taɓa kai ɗa da katin wani, ya je ya faɗa, ni na gwada, ba a kama ni ba.

Ban san ko Auta za ta rabu da wannan numfashin ba, likita ma ba ta sani ba. Ranar Alhamis muna da ganin likita, kuma abin da za a buɗe a gabanta labarin 'yata ne, cikakke, da sunanta a sama.